Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ustaz

Makon jiya na bar ku a tashar jiragen ruwa ta Jidda, ina tsaye da 'yar jakata da takardun da na ƙulle a leda, na ce yau za mu shiga gari tare. To, ku yi mini afuwa. Da na zauna zan ci gaba sai alƙalami ya ƙi tafiya, domin ba sau ɗaya na tsaya a wannan tasha gabana yana faɗuwa ba. Bayan shekaru na sake komawa can, wannan karon ina jiran wani dattijo da zai sauko daga jirgin da ke tasowa daga Sawakin ta ƙasar Sudan. Kashi 8 na rubuta ina ambatonsa a gefe-gefe kamar ɗan wucewa, alhali in aka zare shi daga labarina babu abin da zai saura sai wani yaro mai kwarfe ruwa daga cikin kwale-kwale. Saboda haka wannan makon nasa ne.

Ba zan faɗi sunansa ba, don iyalinsa suna nan, shi kuma a rayuwarsa bai taɓa son a yayata shi ba. Ko a garinmu ba a kiran sunan. Malamai da yawa sun zo sun wuce, kowanne ana haɗa masa da sunansa, amma in ka ji an ce "Ustaz" aka yi shiru, to shi ake nufi.

Garinmu ɗan ƙauye ne a Sudan, a bakin kogin Bahar Azraƙ, kudu da Sinnar, ba nisa da Mai Wurno. Baƙo yakan yi mamakin jin Hausa da Fillanci suna tashi a kasuwanninmu, amma wanda ya san tarihi ba zai yi ba. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya kama hanyar gabas da jama'arsa, aka tare su a Burmi, ya yi shahada a can. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar mutanen suka ci gaba har suka sauka a bakin wannan kogi, garin da suka kafa kuma ya ɗauki sunansa. Bayansu sai ayari-ayari na maniyyata 'yan ƙafa, daga Kano, Haɗeja, Katagum, Damagaram, suna tafe suna yada zango, su yi noma shekara ɗaya ko biyu su haɗa guzuri su ƙara gaba. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, gonakin auduga na Jazira suka buɗe, aiki ya samu, da yawa suka tsaya tsinkar auduga da niyyar baɗi za su tashi. Kakata tana cikinsu. Har ta rasu, in aka ce za a yi mata ɗakin ƙasa sai ta girgiza kai ta ce, "Matafiyi ina shi ina gini? Mu fa a kan hanya muke." A ɗakin ciyawa ta ƙare kwananta, ƙofarsa tana kallon gabas.

Wannan tunani ne ya sa makarantar gwamnati ba ta da kasuwa a wajenmu. Yaro ya je halwa, wato makarantar allo, ya yi sauka, ya iya noma ko su, shi ke nan. Me zai yi da karatun ƙasar da ba zama zai yi a cikinta ba? Ga kuma tsoron da iyayenmu suka taho da shi tun daga gida, cewa boko kayan Nasara ne, ko da kuwa da Larabci ake yin sa.

Ustaz ɗan garinmu ne, mahaifinsa tela ne a kasuwar Sinnar, ta can aka sa shi makaranta. Ya yi karatun malanta a Bakhtar Ruda, kusa da Duwem a bakin Bahar Abyad, makarantar horar da malamai da aka buɗe a 1934. A zamanin, wanda ya fito daga can ko a riƙon alli ana gane shi. Gwamnati kuma tana jefa malami duk inda ta ga dama a faɗin ƙasa, don haka sai da ya koyar a Kurdufan, ya koyar can arewa cikin gonakin dabino, sannan aka dawo da shi gida.

A 1969, shekarar da Numairi ya karɓi mulki, ya zo wajen babana. Ina nan a wurin, ina riƙe da bakin taru, Baba yana ɗinke inda giwan ruwa ya yaga. Kogi bai riga ya kawo ba, yashi a shimfiɗe. Sai ga Ustaz cikin farar jallabiya, ya yi sallama, ya cire takalmansa ya ajiye gefe, ya zauna a kan yashin nan ba tare da ya nemi tabarma ba. Ya karɓi zare ya kama ɗaya gefen tarun. Ashe ya iya. Suka yi ta hirar ruwa da kifi har rana ta yi ja, ya tashi ya tafi. Washegari ya dawo, jibi ma haka, bai ce uffan a kan makaranta ba. Baba ya san abin da ke tafe da shi, shi ma ya san Baba ya sani.

A rana ta huɗu ne ya ce, "Yaya, mutumin nan da ke zuwa daga Sinnar yana kwasar kifinku, na ga yana da littafi. Wa yake karanta maka abin da ya rubuta kafin ka dangwala?"

Baba bai ɗago kai ba ya ce, "Amana ce tsakaninmu, Malam."

"Amana abu ne mai kyau. Amma ai ka san ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi ta sauka. In Allah ya ce a rubuta, ai yana so a samu mai karantawa a kowane gida."

Baba ya daɗe yana jan zare. Can ya ce shi sharaɗinsa ɗaya ne, kada yaronsa ya fasa halwa, ta asuba da ta dare. Ustaz ya ce, "Ranar da ya fasa saboda ni, kada ka wahalar da kanka, ni da kaina zan rako maka shi." A haka aka tashi. Ba ni da takardar haihuwa, kamar yawancinmu, sai aka kai mu wajen likita ya duba haƙoranmu ya ƙiyasta shekaru. Kusan rabin ajinmu a takarda ranar 1 ga Janairu aka haife mu.

A zamanin, a watan Yuli ake buɗe makaranta, daidai faɗuwar damina, lokacin da kogi ke zuwa jajawur da ƙasar Habasha a cikinsa. Ƙararrawarmu guntun ƙarfen reluwe ne da aka rataye a jikin darbejiya. Na shiga aji ba ni da Larabci sai surorin da na haddace da 'yan kalmomin kasuwa. Akwai malaman da in suka ji ka yi Hausa sai su ce kana "ruɗana", wato yaren da ba Larabci ba, su sa ka miƙo hannu. Na ga yaran da wannan kaɗai ya kore su daga makaranta har abada, yara masu ƙwaƙwalwa, wasunsu sun fi ni nesa ba kusa ba. Har gobe in na tuna su raina yana ɓaci, domin ba karatun ne ya gagare su ba, kunya aka ɗora musu tun suna 'yan shekara 7.

Shi Ustaz ba haka yake yi ba. 'Yan aji ɗaya a waje muke koyon rubutu, mu zauna a jere, kowa ya share yashin gabansa da tafin hannu ya rubuta harafi da yatsa. Sai ya riƙa bi yana durƙusawa a gaban kowa. In ya iso wajenka zai faɗa maka kalmar da Hausa a hankali, kamar sirri, sannan ya ɗaga murya ya faɗe ta da Larabci. Yakan zo da abubuwa a aljihu: ƙwarar gyaɗa, ƙugiya, ɗan tsinken auduga. Haruffan maƙogwaro su ne bala'inmu. Mu ce "hamsa" inda ake son a karce maƙoshi, 'ya'yan Larabawan da ke ajin su kwashe da dariya. Wata rana sai ya tsayar da darasi, ya kira wanda ya fi kowa dariyar, ya ce masa ya ce "ƙwanƙwasa". Yaro ya yi, ya yi, abu ya ƙi. Ya ce to ya ce "tsattsewa". Nan ma ya kasa. Aji ya ɗauki dariya gaba ɗaya, har da shi yaron. Ustaz ya bari muka lafa, sannan ya ce da Larabci, ya maimaita da Hausa, "Kowa da inda harshensa yake tuntuɓe. Wanda ya ga ɗan'uwansa ya yi tuntuɓe, hannu zai ba shi." Daga ranar ya zaunar da mu bibbiyu, Bahaushe da Balarabe. Wanda aka haɗa ni da shi har yau muna gaisawa, kuma da Hausa yake fara gaishe ni.

Ba zan ce ba ya duka ba, zamanin bulala ne. Sau ɗaya ya taɓa dukana. Wani yaro ne daga kambo, irin 'yan bukkokin da masu aikin auduga ke zama a gefen gonaki, ya zo da riga a yage, na yi masa waƙa. Bulala uku ya yi mini, sannan ya ce in je in tambayi kakata a ina ta fara kwana da ta iso ƙasar nan. Na tambaye ta. A kambo ne.

A 1970 aka sauya tsarin karatu, firamare ta koma shekara 6 maimakon 4. Abin farin ciki ne, sai dai babu ɗakunan da za a zuba ƙarin azuzuwan. Ustaz ya tashi a masallaci bayan sallar Juma'a ya nemi a yi gayya, abin da Larabawan wajen ke kira nafir. Mutanen da jiya suke ɓoye 'ya'yansu a rumbu in sun hango shi, su ne suka kwaɓa ƙasa. Mata suka yi ta jigilar ruwa daga kogi, masunta suka ba da kamun yini guda aka sayi azara. Babana da kansa ya hau katanga yana karɓar tubali.

Darasin da na fi so shi ne labarin ƙasa. Yadda aka tsara shi, aji ne zai yi tafiya a zuci ya ziyarci wani yaro a kowane yanki na Sudan, a ga gidansu, abincinsu da sana'ar ubansa. Mun je arewa, mun je wajen makiyaya, mun je kudu, mun je bakin teku. Da muka gama sai wani a cikinmu ya ce, "Ustaz, mu ba wanda zai zo wajenmu?" Ya yi shiru. Washegari ya zo ya zana kogi a allo, ya zana kwale-kwale, ya ce yau za mu ziyarci wani aboki da ba a sa shi a littafi ba. Ya fara daga Sakkwato, ya bi da mu Burmi, ya ratsa da mu Barno da Wadai da Darfur, yana ja da alli, har ya dire a bakin ƙofar makarantarmu. Ranar ce na fara ganin hanyar da kakata ke magana a kai, kuma ranar ce na ga cewa a kan taswirar Sudan muke zaune, ba a gefenta ba.

Ina aji 5 lokacin da wansa ya tafi yankan riɗi a Gadarif, zazzaɓi ya kama shi, gawarsa ma ba a kawo ba. Ya bar mata da 'ya'ya 5. Kafin a yi sadakar bakwai Ustaz ya fasa katangar da ke tsakanin gidajen biyu, ya ce daga yau tukunya ɗaya ce. Ga nasa 'ya'yan, ga mahaifiyarsa, wadda duk gari ke kira Iya, idanunta sun tafi. Albashin malamin firamare ba ya ɗaukar wannan kaya. In an tashi daga makaranta zai tuɓe farar jallabiyar nan ya rataye, ya ɗauki fartanya ya gangara gonarsa ta bakin kogi, inda ake shuka bayan ruwa ya janye. Umma, uwargidansa, tana tuyar ƙosai da safe. Na sha cin abinci a gidan, kuma na rantse ban taɓa iya bambance ɗansa da ɗan wansa a bakin akushi ba. In salla ta zo, yadi ɗaya ake yanko wa kowa.

Duk da haka zaurensa ba ya rufuwa. Babu lantarki a garin, shi ke sayen kananzir ya kunna fitilar ƙwai, duk mai shirin jarrabawa ya zo bayan an tashi daga halwar dare. Wanda gidansu ke da nisa ya kwana a nan. A irin wannan kwana ne na ji abin da zan faɗa muku yanzu.

Bayan man fetur ya yi tsada a 1973, ƙasashen Larabawa suka shiga ɗibar malaman Sudan. Saudiyya, Yaman, Libiya, Oman, ko'ina ana nema. Gwamnati ke ba da aron malami na wasu shekaru, kuma malamai kan daɗe suna jiran sunansu ya fito. Wanda ya tafi zai dawo da rediyo mai kaset, ya gina gidan jan bulo, ya aurar da ƙannensa. Sai ga sunan Ustaz ya fito, kuma Saudiyya. Ku tuna irin garin da nake ba ku labari. A wajenmu wannan ba maganar kuɗi ba ce kawai. Ɗanmu ne zai ƙarasa hanyar da kakanni suka faro. Tsofaffi suka yi ta zuwa yi masa barka, wasu har da saƙon addu'ar da zai kai musu.

Cikin dare, ina kwance a zaure, na ji muryar Iya daga tsakar gida. "Ka tafi. Ubanka ya mutu da Makka a bakinsa. Ni na yafe maka, ka tafi."

Ya ce, "Iya, in na tafi wa zai riƙa fito da ke ki sha hantsi?"

"Ga yara nan."

"Yaran ne ai, Iya. Makka tana nan inda take, ba za ta tashi ba. Su kuwa girma suke yi, ba za su jira ni ba. In na dawo na tarar da gini ban tarar da su yadda nake so ba, me na samo?"

Ban ji abin da ta ce ba, sai dai na ji tana jan hanci. Da safe ya rubuta takarda ya ce a ba wani gurbinsa.

Gari ya ɗauka. Wasu suka ce ba shi da zuciyar nema, wasu suka ce ya yi wa arziki ƙafa. Abokan aikinsa suka je suka dawo suka yi gini, shi kuwa in aka yi ruwa sai an tara kwanoni a ɗakinsa. Ni ma, in faɗi gaskiya, na daɗe ina ganin ya yi kuskure. Sai da na zo nan Saudiyya na zauna, aka binne mahaifiyata ina nan, ɗana na fari ya yi wayo yana ɓuya a bayan uwarsa in na je hutu, sannan na san nauyin abin da ya auna a wannan dare. Ban ce duk wanda ya tafi ya yi laifi ba, ni kaina tafiyar ce ta ciyar da gidanmu. Amma garin da kowa ke shirin tashi yana bukatar mutum ɗaya da zai ce shi a nan yake, kuma mu shi Allah ya ba mu.

Na sake ganin amfanin zamansa da na gama sakandare, aka ce sai na kawo jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa. Dokar 1957 ta ce sai kakanninka na wajen uba suna zaune a Sudan tun ƙarshen 1897, namu kuwa bayan Burmi suka zo. An sassauta shekarar daga baya, amma a bakin tebur tambayar farko ba ta sauya ba: wace ƙabila? Da ka faɗa sai a ce ka je ka kawo shaidu. Na je wani ofishi ni kaɗai aka dawo da ni. Ustaz ya ɗauki dattawa biyu da suka san kakana, ya biya musu kuɗin mota, muka koma. Aka ce mu dawo wani mako. Muka dawo, aka ce mai sa hannu ba ya nan. Ban taɓa ganin ya ɗaga murya ba. Tsayuwa kawai yake yi, da rajistar makaranta a hammata, rawaninsa a naɗe tsaf. Da wani ya ce masa mu Fallata, yadda suke kiran mu da kakanninmu suka taho daga yamma, baƙi ne, sai ya buɗe rajistar ya nuna sunana ya ce, "Wannan yaron a hannuna ya koyi taken ƙasar nan, a nan aka binne kakansa. In akwai wata ƙasa da yake da ita, ku nuna mini in kai shi." A zuwa na huɗu aka buga hatimi. A hanyar dawowa ya tsaya a kasuwar Sinnar wajen wani ɗan'uwanmu mai agashe, wato tsire, ya saya mini, shi bai ci ba. Ba ni kaɗai ya yi wa wannan jigila ba.

Da fari ya zo a 1984, mutanen Kurdufan da Darfur suka gangaro bakin kogi da abin da ya rage musu. Dawar agaji ta Amurka, wadda jama'a suka sa wa suna Rigan, sunan shugaban Amurka na lokacin, in ta iso garinmu hannunsa ake damƙa wa, don shi ne yake da sunan kowane gida a rubuce, har da na zawarawan da kunya ke hana su fitowa layi. Ya girka babbar tukunya a harabar makaranta, ba a tambayar mai ci daga ina ya fito.

Yanzu mu koma tashar Jidda. A ƙarshen shekarun 1990, bayan ya yi ritaya, mu ɗalibansa da ke Jidda da Makka da Riyad muka haɗa kuɗi muka aika masa na kujera. Sau biyu yana mayar mana. Sai da Iya ta rasu, ya kuma aurar da autar wansa, sannan ya karɓa. Na hango shi cikin masu saukowa, da harami a jikinsa, ya rame, yana riƙe da leda ɗaya. Na durƙusa na ce, "Ustaz, sannunku da hanya." Ya ɗago ni, ya daɗe yana kallona, ya ce, "Ɗana, har ka yi furfura?"

A Makka mutanenmu na unguwar Shara Mansur suka yi ta zuwa gaishe shi, wasu 'ya'yan waɗanda ya koyar ne. Da muka shiga Harami ina riƙe da hannunsa, na ji hannun yana rawa. Ya hango Ka'aba ya tsaya cik. Bayan mun gama ɗawafi ya nemi gefe ya zauna, ya ciro wata takarda daga cikin ledar nan, takardar littafin makaranta ce mai layi-layi, an ninke ta huɗu. Sunaye ne, da rubutunsa mai kyau irin na allo. Na farko kakansa, wanda ya rasu a Wadai bai iso ba. Sai mahaifinsa, sai wansa, sai Iya. Sai tsofaffin garinmu ɗaya bayan ɗaya, duk waɗanda suka ce a kan hanya suke har ƙasa ta rufe su. Ya fara kira a hankali, kuma bayan kowane suna sai ya ɗan dakata, daidai yadda yake yi da safe in yana kiran rajista yana jiran a ce na'am. Da ya kira sunan kakata na kasa riƙe kaina. A Arfa ma ya sake karanta su duka, bai tsallake ko ɗaya ba.

Bayan an gama aikin Hajji na roƙe shi ya ƙara ko mako biyu ya huta. Ya ce sharar gona ta kusa, kuma akwai yaran da ke zuwa zaure. Kuɗin da muka ba shi na tsaraba, na raka shi kasuwar Bab Sharif, ya sayi mayafi ɗaya na Umma, ragowar duk ya zuba su a littattafan rubutu da fensira. Kwali biyu na ɗora masa a jirgi, da jarkar zamzam.

A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a jihar Bahar Azraƙ, wajejen Rusairis da Damazin, aka kashe mutane, 'yan'uwanmu da yawa suka gudo arewa. Aka sauke wasu a makarantarmu, a cikin ɗakunan nan da aka gina da gayya. Lokacin Ustaz ya haura 80, idanunsa sun bi na Iya. An faɗa mini kullum da hantsi jikansa zai riƙo sandarsa ya kawo shi gindin darbejiya, a tara masa yaran 'yan gudun hijira, su share yashi su rubuta. Tunda ba ya gani, sai ya miƙa hannu ya shafa harafin da yatsunsa, ya ce wannan ya yi, wannan a ƙara masa ɗigo.

Bayan 'yan watanni Allah ya karɓi abinsa, kafin yaƙin da ya tashi ranar 15 ga Afrilu 2023. Ban samu jana'izarsa ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya haskaka makwancinsa, ya saka masa da abin da mu ba za mu iya ba.

Da faɗa ya iso jihar Sinnar a tsakiyar 2024, iyalinsa suka fita zuwa Gadarif da abin da hannu zai iya ɗauka. Kwanaki babbar 'yarsa ta turo mini hoto ta WhatsApp, ta ce, "Yaya, ka san wannan?" Takardar nan ce. Ta yi ja, ta tsage a wajen ninki, an manna mata wata a ƙasa. Ashe bayan ya dawo bai daina ƙara sunaye ba. Na ga na babana, na ga na mahaifiyata, rubutun yana ƙara girma yana karkacewa yadda ganinsa ke raguwa. A layin ƙarshe kuma, da wani rubutu daban, da shuɗin biro, ta sa nasa.

In Allah ya kai mu mako mai zuwa, zan ɗauki jakata daga inda na ajiye ta mu shiga Jidda.